Takardar da Ban Ɗaga Ba

Ni mutum ne mai baki. Duk wanda ya taɓa zama a ajina a Gusau zai ba da shaida. In ɗalibi ya zana tulu ya fito kamar kabewa, a gaban kowa nake faɗa masa, in ce ya kai gida a yi miyar taushe da shi. In kuwa ya yi abin kirki, har tsakiyar aji nake fitowa in ɗaga takardarsa sama in ce, "Ku duba nan, 'yan barci! Yabon gwani ya zama dole." Shekara ashirin da wani abu ina koyar da zane a makarantar sakandare, ban yi rowar faɗa ba, ban yi rowar yabo ba. Mutum ɗaya tak na yi wa rowa, ita ce ɗiyata ta fari.

A Kucheri aka haife ni, ƙasar Tsafe, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. In wani ya yaba, sai ka kushe ko ka kau da zance, don kada a ce ka cika son ɗa. Yayata ita ce ta fari a wurin iyayenmu, kuma har mahaifinmu ya koma ga Allah ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Haka na tashi na gani, haka na ɗauka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko akwai wanda abin ke yi wa ciwo ba.

Da aka yaye yarinyar sai aka kai ta Nahuce, ta wajen Bungudu, inda yayar tawa ke aure. Can ta girma, can ta yi makaranta. Yaya take kira Inna. Ni kuwa Malam take ce mini, kamar kowa. In na je gaishe su takan durƙusa daga nesa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, in tambayi Yaya lafiyar awaki.

Daga bakin Yaya na fara jin labarin zanen. Wata rana ta ce mini, "Wagga ɗiya ta ƙare mini bangon ɗaki da gawayi. Ba saniyar Fulanin maƙwabtanmu da ba ta hau bangona ba." Na yi dariya na ce ɓarna ce ta yara. Amma da zan fita na saci kallon bangon, na ga wata saniya kwance, ta naɗe ƙafafu, nauyinta duk ya zauna a ƙasa yadda na saniyar gaske ke zama. Ɗalibaina na ajin ƙarshe ba su iya wannan ba. Na hau babur ɗina na kamo hanyar Gusau ina murmushi ni kaɗai, ban ce wa kowa komai ba.

Da ta gama sakandare sai ta aiko Yaya ta gaya mini abin da take so: kwalejin zane-zane, inda ake koyon zanen hoto da zanen atamfa da tsara bangon littafi da makamantansu. Irin wannan makaranta ba a shigarta da ƙofa ɗaya. Da farko sai sakamakon sakandare ya cika, har da Turanci. Sannan a zauna jarrabawar nan ta kwamfuta da kowa ke yi kafin shiga manyan makarantu, a kai makin da suka yanke. Wanda ya tsallake waɗannan biyu, sai a kira shi gwajin zane. A jera wasu kaya a kan tebur, a ba ka fensir da takarda da 'yan sa'o'i, ka zana abin da ke gabanka. Kuma za ka zo da zane goma na hannunka a cikin jaka, malamai su duba. Yara da yawa a ƙofa ta biyu suke faɗuwa, masu hannu kuwa a ta uku suke nuna kansu.

Dama ina da al'adar tara masu neman wannan karatu a zauren gidana duk Asabar da safe. A shekarar su biyar ne, ita ta zama ta shida. Takan taso daga Nahuce da sassafe, ta shigo mota a Bungudu, ta riga 'yan cikin gari isowa. Sai ta share zauren, ta shimfiɗa tabarmi, ta koma can ƙurya kusa da ƙofar cikin gida ta zauna da allonta a kan cinya.

Jarrabawar kwamfuta ce ta fara ba ni tsoro a kanta, don Turancinta na makarantar ƙauye ne, kuma ba ta saba da na'urar ba. Na nemo tsofaffin tambayoyi, na ba Yaya ta kai mata, kamar ba ita ce ke zuwa gidana duk mako ba. Na roƙi wani abokin aikina ya riƙa zaunar da ita gaban kwamfuta bayan darasinmu. Ta dage, Allah ya taimake ta, ta wuce makin da ake nema. Ranar da sakamako ya fito na ce a raina shi ke nan, an gama. Gwajin zane ai ko da hannun hagu za ta ci shi.

A zauren, yadda nake yi shi ne in jera kaya a kan benci: tulu, faifai, albasa biyu, wani lokaci buta da tsohon rawani a yamutse. In koya musu miƙe hannu da fensir, a rufe ido ɗaya, a auna tsawo da babban yatsa. In yi ta zagayawa ina masifa. "Kai, wannan inuwa ce ko toka ka zubar? Ke, albasarki ta fi tulu girma, a wace gona aka noma ta?" Suna dariya suna gogewa. Yawancin yara tulun da ke cikin kansu suke zanawa, mai sumul, mai daidai ta ko'ina. Ita kuwa tulun da ke kan bencin take zanawa, da ɓallin da ke bakinsa, da danshin da ya yi duhu a gindinsa. In na zo ta bayanta sai in saci kallon allonta. Sai in ɗauke kai in wuce wurin na kusa da ita.

Ƙarshen kowane darasi nakan karɓi takardun in bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan in kushe, wancan in ɗaga sama. Kowa cikin biyar ɗin nan an taɓa ɗaga takardarsa, har wani da hannunsa ya yi nauyi kamar na mai faskare, ranar da ya dace da faifai sai da na sa aka tafa masa. In na zo kan tata kuwa, sai in yi mata kallo ɗaya in kife, in ce, "To." Wata rana in ce, "A ƙara inuwa," don kada in yi shiru gaba ɗaya, alhali inuwar ba ta neman ƙari. Takan zo ta ɗauki takardarta da hannu biyu ta koma ƙuryarta.

Kada a ɗauka ban faɗa wa kowa ba. In sun watse nakan shiga cikin gida in ce wa uwarta, "Kin ga abin da ɗiyar Yaya ta yi yau kuwa? Wallahi ni da nake koyarwa ba zan fitar da wannan rawanin haka ba." Ita kuma da tata kunyar ta fi tawa, sai ta juya baya tana murmushi ta ce, "Ni ina ruwana da ɗiyar mutane." A ɗakin malamai ma na sha cewa akwai wata yarinya a zaurena da ban taɓa ganin irinta ba. Yabon ya zagaya gari, bai dai shiga kunnen mai shi ba.

Da gwajin ya matso sai na gayyato wani tsohon abokina daga Tsafe, malamin zane ne da ya yi ritaya, ya zo ya yi musu gwajin gwaji yadda ake yi a can. Ya kafa agogo, ya hana magana, ya hana leƙe. Da lokaci ya cika ya baza takardun shida a kan tabarma ya tsuguna. Bai daɗe ba ya ɗauki ɗaya ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya gyara tabarau.

Ya ce, "Kai! Wa ya yi wannan?"

Na ga yarinyar ta ɗago kai a hankali. Ba abokin nawa take kallo ba, ni take kallo.

Na ce, "Ɗiyar Yayata ce. Kada ka fasa mata kai, sa'a ta yi yau." Na zare takardar daga hannunsa na miƙa masa ta wani. "Duba wannan, ka ga yadda ya kama bakin butar?"

Abokina ɗan gida ne, ya san wace ce, ya san abin da nake yi. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haka ne, haka ne," ya bi ni muka koma kan butar. Mu biyu mun fahimci juna sarai, manya masu kunya. Ban ko waiwaya na ga yadda fuskarta ta koma ba. Yau in na tuna kalmar nan, sa'a, sai in ji kamar in mari bakina.

Asabar ta gaba aka shiga zaɓen zane goma-goma. Kowane ɗalibi ya zo da tarin aikinsa, na zauna da shi kusan sa'a guda, ina ware wannan ina mayar da wancan, ina gaya masa dalili. Ita ta jira har kowa ya tafi. A ranar mahaifiyata ta zo daga Kucheri ganin likita, tana zaune a bakin ƙofar cikin gida tana jan carbi. Yarinyar ta matso ta durƙusa, ta ajiye jakarta a gabana. Wannan ne karo na farko da ta taɓa neman wani abu a wurina baki da baki.

Ta ce, "Malam, ko za a duba mini nawa?"

Na ji idon mahaifiyata a ƙeyata. Wataƙila ma ba kallona take ba, Allah kaɗai ya sani. Amma a ce in zauna gaban tsohuwa ina buɗe zanen ɗiyar fari ɗaya bayan ɗaya ina cewa madalla? Na miƙe ina kakkaɓe riga na ce, "Ina da wurin zuwa. A kai wa Inna ta zaɓa." Yaya da ba ta san bambancin fensir mai taushi da mai tauri ba! Yarinyar ta ce, "To, Malam," ta ɗauki jakarta. Ni kuma na fita na zagaya unguwa ba inda za ni, na dawo bayan na tabbata ta tafi.

Ta ci gaba da zuwa, tana share zaure, tana zanenta. Na lura ta rage ɗago kai in ana duba takardu, sai na ce natsuwa ce.

Ranar tafiya gwajin muka yi alkawarin haɗuwa a tasha bayan an karya kumallo, don garin da kwalejin take da nisa, sai an kwana. Biyar ɗin suka iso da allunansu da jakunkuna, iyaye na ta addu'a. Can sai ga Yaya ta sauko daga motar Bungudu, yarinyar na biye da ita ɗauke da ƙullin dambu da ƙuli-ƙuli. Ba allo, ba jaka. Ta bi abokan karatunta ta rarraba musu guzurin tana yi musu fatan alheri.

Na ce, "Ke, ina allon?"

Ta sunkuyar da kai. Yaya ce ta amsa. Ta ce mako uku ke nan da yarinyar ta je shagon intanet a Bungudu ta canja kwas, ta cire kwalejin zane ta sa karatun aikin ofis a wata makaranta nan cikin Gusau. An riga an rufe ƙofar canji. Sunanta ba ya cikin waɗanda za su zauna gwajin.

Raina ya ɓaci, na manta a tasha nake. Na hau faɗa, ina yi wa Yaya amma da yarinyar nake. Wane irin sakarci ne wannan? Wa ta shawarta? An sha wahalar jarrabawa an ci, sai a zo bakin gaɓa a juya? Yaya ta bar ni har na gaji, sannan ta jawo ni gefen wata mota inda yara ba za su ji ba.

Ta ce, "Ka gama? To saurara. Ta zo mini da jakar nan tana kuka, ta ce ka ce in zaɓa mata. Ni mi na sani? Ta ce Inna, shekara guda ina gabanshi, kowa an ɗaga takardarshi ban da ni. Shi ne ya san abin nan. Da akwai wani abu a hannuna, da ya gani. Ta ce gara ta kama abin da za ta iya da ta tafi garin mutane ta kunyata ka."

Na ce, "Haba Yaya! Ke ma kin san al'ada. Ya za a yi in yabi..."

Ta katse ni. "Ni za ka gaya wa al'ada? Ni ce ta fari gidanmu. Ka san shekara nawa na yi ina zaton Baba ba ya so na? Amma ni ba abin da ya rataya ga bakinshi. Wagga kuwa kai ne ubanta, kai ne malaminta, ba ta da wani alƙali sai kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunya anka ce ka yi, ba a ce ka rufe mata hanya ba."

Direba na ta danna oda, fasinja sun cika. Na shiga mota da 'ya'yan mutane biyar. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, muka wuce Tsafe, yaran suka daina hira don sun ga fuskata. Washegari suka shiga ɗakin gwaji, ni na zauna a gindin wata bishiya a waje tare da sauran iyaye. Wani dattijo kusa da ni ya tambaye ni wanne ne nawa a ciki. Na ce duk ɗalibaina ne. Da suka fito suka ce kwando aka ajiye musu da kwalba da wani yadi a naɗe. Yadi a naɗe, abin da ta fi kowa iyawa. Uku daga cikinsu sun samu shiga daga baya, har da mai nauyin hannun nan.

Na dawo Gusau na yi kwanaki ina juya abin. Na ce ai ba a makara ba, shekara ɗaya ce, baɗi sai ta sake zama jarrabawa ta sake nema. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in faɗa mata gaskiya. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na hau babur na nufi Nahuce. Damina ce, gero ya fi mutum tsawo a bakin hanya. Ina tafe ina maimaita maganar da zan yi kamar ɗalibi mai hadda.

Na same su a tsakar gida, Yaya na gyaran wake a faifai, yarinyar na taya ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa, za ta shige ɗaki sai Yaya ta ce ta zauna. Ta zauna a gefen tabarma, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Na buɗe baki, kuma wallahi, duk da abin da ya faru, wuyana ya ƙi juyawa wajenta. Sai na kalli Yaya.

Na ce, "Yaya, ki gaya mata, tun da na fara koyarwa ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Ba sa'a ba ce. Ranar da baƙon nan ya zo, tata ce ta fi ta kowa, kuma kullum tata ce ke fi. Ni na yi kuskure. Ki ce mata ta sake nema baɗi, ni zan kai ta da kaina."

Yaya ba ta maimaita ba, ba ta ma ɗago daga faifanta ba. Yarinyar ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Da ta yi magana, muryarta ba fushi a ciki, kuma ita ma ba ni ta kalla ba.

Ta ce, "Inna, ki ce wa Malam na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ba zan sake nema ba. Da can ya faɗa, da na yarda. Yanzu kuwa ya ga na yi kuka, ban san ko gaskiya ce ko lallashi ba."

Na ce, "Wallahi gaskiya ce." A karo na farko na juyo na dube ta sosai.

Ta ce, "To, Malam," ta jawo faifan ta ci gaba da tsince wake.